Kyamarar Da Ta Ƙi Makancewa

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Sanda ce, ogan 'yan fashin. Ana tsakiyar huɗubar Juma'a suka faɗa ma'ajiyar takin Alhaji Zainulabidin da ke hanyar Kafur. Mai gadi da akawu suka zube.

Talha, mai gyaran waya a kasuwar Malumfashi, aikinsa guda ne: ya makantar da kyamarori. Ya kutsa ofis, ya fizgo akwatin intanet mai fitilu kamar idon mage, ya tattaka shi. Kwamfutoci suka daskare.

"Oga, an gama!"

"Ka tabbata, injiniya?"

"Ko aljani ba ya ganinmu."

Zafi kamar tanderu. Suka kwance rawunan da suka rufe fuska da su, suka hau loda buhuna a mota.

Talha na saɓe da buhu ya ɗaga kai. Kyamarar saman ƙofa ta karkato wuya a hankali, irin na hawainiya, ta tsaya a kansa. Ya bi wayarta da ido. Ba ofis ta nufa ba. Ta bi rufi ta shige wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Ashe kyamarori layinsu daban, batirinsu daban, ba su taɓa cin tuwo kwano ɗaya da kwamfutocin ofis ba.

Can cikin gari, Hajiya Ummukulsum, matar Alhaji, ita ke juya kyamarar da babban yatsa a wayarta, ɗaya wayar a kunne.

"Sufeto Chinonso, su huɗu ne. Siririn ma na san shi, shi ya canza min gilashin wayar nan!"

Talha ya sauke buhun. In ya faɗa cewa kyamara na ganinsu, Sanda ya harbe shi. In ya yi shiru, 'yan sanda su tarar da su. Ya lallaɓa ya fara mayar da rawaninsa.

"Kai, injiniya, sanyi kake ji?"

"A'a, oga... ƙura ce."

Sanda ya bi idonsa zuwa saman ƙofa. Kyamarar ta motsa. Daga nesa jiniya ta tashi.

"Ɗan iska, ka sayar da mu!"

Ya ɗaga bindiga. Tau! — kyamara ta tarwatse. Tau! — Talha ya faɗi riƙe da cinya. Sanda da yaransa suka ja ƙofar ma'ajiya, suka datse kwaɗo ta waje.

Ba su yi nisa ba 'yan sanda suka tare su da harbi. Mus'ab direbansu ya mutu a kan sitiyari, na ukunsu a cikin gonar masara. Sanda kuwa da ankwa ya shiga motar 'yan sanda, ba takalmi.

Mai gadi da akawu sun tsere tun harbin farko. Talha yana kwance shi kaɗai cikin ma'ajiya, taki na cin rauninsa kamar barkono. Ya yi ihu, bango ya maido masa. A kusurwar rufi saura kyamara ɗaya, jar fitilarta na ƙiftawa. Ya ja jiki har ƙarƙashinta, ya cire rawanin, ya ɗaga hannu.

"Hajiya, ni ne. Don Allah ki ce su buɗe."