Saƙon da Ya Biyo Tsinkakkiyar Waya

Malam Kailani akawun waya ne a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da Turawa suka gina a gefen Tudun Wada. Aikinsa shi ne mai da magana bugu, gajere da dogo, waya ta kwasa ta kai Kano ko Zungeru.

Ran nan da la'asar iskar hadari ta tsinka wayar wajen rafi, ya tashi aiki. Gab da magariba ya tuna bai rufe taga ba, ya koma.

Ɗakin na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsatsa. Yana jawo tagar, ƙarfen da ke karɓar saƙo ya motsa.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Ɗazu da idonsa ya ga wayar a tsinke a ƙasa. Amma kunnen da ya saba ba ya ƙin ji. Haruffa suka haɗu a kansa, kuma ba Turanci ba ne. Sunan da marigayiya kakarsa kaɗai ke kiransa da shi ake bugawa.

Ya nufi ƙofa. Ba kuba, ba sakata, amma ta ƙi buɗuwa. Ya juyo wajen taga, ba taga, sai bango ya shafo.

Kujerarsa ta yi ƙara, kamar wani ya zauna.

Bugun ya ce su ba mutane ba ne, sun daɗe a bakin tagarsa suna koyon wannan yare, sai dai saƙonsu ba ya nisa in ba da hannun ɗan Adam ba. Suna so ya kira musu danginsu na kudu, su biyo waya su sauka Tudun Wada.

"Ku yi mini rai," ya raɗa.

Wani hannu mai sanyin randa ya damƙi nasa, ya ɗora kan abin bugawa. Yatsansa ya fara aiki ba da sonsa ba.

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi ɗagawa.

Bango ya matso har kafaɗarsa.

Yatsan nan kaɗai ke motsi. Ya tattara ƙarfinsa a kai, ya karkatar da bugun, harafi bayan harafi: A'uzu billahi.

Ƙarfen ya yi tsawa, ƙofa ta wage. Da rarrafe ya fita.

Bai sake komawa aikin ba, ya kama ɗinkin hula. Sai dai yatsan bai daina bugu ba. Wata rana wani akawun jirgin ƙasa, Isiyaku, ya zo sayen hula, ya tsaya yana sauraron yatsan a kan benci, don shi ma ya san bugun waya. Fuskarsa ta sauya.

"Malam," in ji shi a hankali, "yatsanka na cewa wai sun iso Kaduna."