Wasiƙun da Ba Su Isa Gawasa Ba

A shekara ta bakwai da sarautar Sarki Hashimu ɗan Barau a Birnin Gawasa, daidai lokacin da ruwan shuka ya sauka, aka buga tambarin yaƙi. Ɗan wan Sarki, Ciroma Yahuza, ya ce gadon ubansa aka zauna a kai. Ya fita da mutanensa ya haye Dutsen Kargo, tafiyar kwana huɗu kudu da birni, ya ƙi mubaya'a. Sarki ya ba Madawaki Tanko tuta da dakaru dubu biyu, ya ce kada ya dawo sai da Ciroma, a raye ko a mace. Wannan labari ba a bakin mawaƙan fada na same shi ba. A nan Jidda na same shi, kuma zan faɗi yadda aka yi in mun zo wurin.

An gaya wa talakawa aikin kwana goma ne. Manoma suka ajiye sungumi suka ɗauki kwari da baka. Kwana goma ya zama wata guda, wata guda ya zama uku. Dutsen ya ƙi hawuwa, ruwan sama ya ƙi tsayawa, hatsin sansani ya yi tsiro a cikin taiki, sannan ciwon zawo ya shigo ya fara ɗibar mutane.

Akwai wani malami a sansanin, Malam Ɗayyabu, magatakardan Madawaki. Ba mayaƙi ba ne, mutum ne mai sanyin murya da kyawun hannu. Bayan la'asar dakaru kan zauna gabansa a gindin wata ƙirya, ya yanka takarda kamar faɗin tafin hannu, su faɗa ya rubuta musu da ajami. Manzo ya kai birni, limaman unguwanni su karanta wa iyali. Wani ya ce a gaya wa matarsa kada ta bari ciyawa ta cinye gonar fadama. Wani ya ce sun fara jiƙa fatar garkuwa suna taunawa. Wani kuwa cewa ya yi in matarsa ta haifi namiji, ta sa masa kowane suna ban da Tanko.

Da takardun farko suka isa, mata suka taru a ƙofar fada suna kuka. Sarki ya aiko da saƙo mai zafi. Madawaki, wanda a lokacin ƙarin mutane yake nema, ya sa aka kira malamin.

"Malam, takardunka sun fi kiban Ciroma yi mana ɓarna."

"Ranka ya daɗe, abin da suka faɗa shi nake rubutawa."

"To daga yau abin da na faɗa za ka rubuta. Bar su su zauna su faɗi nasu, ka rubuta a gabansu hankalinsu ya kwanta. In sun tashi ka sa wa takardar wuta, ka rubuta wata da sunan kowa. Ka ce muna cikin ƙoshi, dutse ya kusa faɗuwa, mai ƙane a turo masa ƙanensa."

"Ranka ya daɗe, wannan amana ce."

Madawaki ya ce, "Gidanka a bayan fada yake, ko? Na ji iyalinka ta kusa sauka. Sarki yana tambayar lafiyarta."

Malam Ɗayyabu ya bi umarni. Abu ɗaya kawai ya saɓa: hannunsa ya kasa kai takardun gaskiya ga wuta. Ya riƙa ninke su yana cusawa a ƙasan gafakarsa, ƙarƙashin littattafai.

Cikin masu zuwa gindin ƙiryar akwai wani maharbi, Jatau, mutumin unguwar marina. Ubansa ya rasu, ya bar uwarsa Gwamma da ƙanensa Arzika, saurayin da gemu bai gama fito masa ba. Ga abin da Jatau ya faɗa:

"Inna, ina gaisuwa. Ina raye amma ban da lafiya. Mu goma sha biyu muka fito daga unguwa, saura biyar, kuma ba kibiya ta kashe su ba, ciki ne. In mai unguwa ya zo neman mutane ki ɓoye Arzika, ko a rumbu ne. Ya zauna ya yi miki noma. Ɗaya ya ishe su."

Ga kuma abin da liman ya karanta wa Gwamma:

"Inna, muna cikin ƙoshi da lafiya. Dutse ya kusa faɗuwa, ganima tana jiran masu rabo. Ki turo Arzika maza kada a raba babu shi."

Sa'ad da gero ya fara fid da kai, sababbin mutane ɗari huɗu suka iso sansani suna waƙa. Jatau yana gyaran tsirkiyar bakansa ya ji an ce, "Yaya!" Ya ɗaga kai ya ga Arzika da mashin ubansu a kafaɗa, yana dariya.

"Me ya kawo ka? Wa ka bar wa Inna?"

"Kai ka kira ni, Yaya. Inna ta yi kwana biyu tana kuka, sannan ta ce tun da kai ka faɗa, in tafi. Ga takardar ma."

Jatau ya karɓa ya jujjuya ta, don bai san baƙi ba. Ya kama hannun ƙanensa, suka tafi gindin ƙirya. Ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Allah gafarta Malam, karanta mini wannan."

Malamin ya dubi takardar, ya dubi saurayin. Ya karanta ta kamar yadda take, bai rage ko harafi ba.

"Wannan bakina ne?"

"Ba bakinka ba ne."

"Hannun wa ne?"

"Hannuna ne."

Hannun Jatau ya kai kan wuƙarsa ya daɗe a wurin. Sannan ya sake ta.

"Da abokin gaba ne da na san inda zan sa kibiya. Ni makaho ne a gaban takarda, Malam, kai ne idona. Yanzu Inna ta ji muryata ina kiran ɗanta. In wani abu ya same shi, ni za ta riƙe har ta mutu." Sannan ya ce, "Ɗauki alƙalami. Wannan kai za ka kai da ƙafarka, ka karanta mata da bakinka."

Malam ya rantse zai kai. Wasiƙar ba ta kai layi biyu ba: "Inna, ban kira shi ba. Na rantse da Allah ban kira shi ba."

Bayan kwana uku, da hantsi, Madawaki ya sa aka jingina tsani a jikin dutse, ya sa sababbin zuwa a gaba tun da su ke da sauran ƙarfi. Mutanen Ciroma suka yi ta gangaro da duwatsu. Arzika bai kai rabin tsani ba. Jatau ya fita daga inda maharba suka fake don ya jawo gawarsa, kibiya ta same shi a wuya. A ranar mutum ɗari uku suka kwanta a gindin Kargo.

Bayan kwana ashirin, malamai da manyan fatake suka shiga tsakani, domin yaƙin ya tare hanyar ayari. Ciroma Yahuza ya sauko, ya faɗi gaban baffansa, Sarki ya ta da shi ya naɗa shi Galadima. Madawaki Tanko ya sami alkyabba. Abin da tarihin fada ya riƙe ke nan: ana kiransa Sulhun Kargo, ana yabon haƙurin Sarki da biyayyar ɗansa.

Malam Ɗayyabu ya dawo tare da runduna. Kashegari ya tafi unguwar marina da wasiƙar a aljihu, ya yi sallama a zauren Gwamma. Ta fito tana dafa bango.

"Kai ne malamin da ke rubuta musu?"

"Ni ne, Inna."

"To kai shaida ne. Ya san ba ni da kowa, ya kira mini yaro saboda ganima. Allah ya isa tsakanina da Jatau."

Malam ya sa hannu a aljihu. A daidai nan ya hango wani baran Madawaki zaune a bakin karofi, yana kallon zauren. Ko aiko shi aka yi, ko hira ce ta zaunar da shi, malamin bai taɓa sani ba. Ya fid da hannunsa babu komai, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya juya. Ya ce a ransa zai dawo in ƙura ta lafa. Gwamma ta rasu kafin a gama sussuka.

Daga nan birnin ya yi masa ƙunci. Ya ɗauki matarsa da jaririyarsu ya bi ayarin alhazai zuwa gabas. Shekara goma sha ɗaya suka yi a hanya, suna noma a nan, suna koyarwa a can, har suka haye teku daga Sawakin suka sauka Jidda. Ya yi aikin hajji, bai koma ba. Kafin ya rasu ya rubuta duk abin da ya faru a warƙa shida, ya haɗa da wasiƙun, ya ɗinke bakin gafakar.

Ni sunana Musbahu, tela ne a unguwar Sharafiyya, nan Jidda. Umara ta kawo ni shekara tara da suka wuce, na zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama, kamar da yawa. Bara wani abokin cinikina, Majid, mai aiki a ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa, ya ce mahaifiyarsa tana neman wanda ya iya tsohon rubutun Hausa. Ya kai ni gidansu a unguwar Waziriyya.

Mahaifiyar tasa, Hajiya Jawahir, ta haura saba'in, a Jidda aka haife ta, haka ma uwarta. Ta ajiye mini shayi, ta kawo gafakar da hannu biyu.

"Ta jaddi ce, kakan kakata. Waliyyi ne, ya Ustaz. Addu'o'insa ne a ciki. Duk macen gidan nan in za ta haihu, a ƙarƙashin kanta ake sa ta. Ɗinkin ne ya ruɓe suka zubo. Haruffan Larabci ne, amma wallahi ko limaminmu ya kasa."

Na fara da warƙoƙin malamin. Ina karantawa murmushinta yana gushewa. Da na zo inda ya rubuta, "Ba a sa mini wuƙa a wuya ba, magana kawai aka yi mini, na ji tsoro," sai ta ɗaga hannu.

"Halas, ya isa haka. Tsaya."

Majid yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya ce lalle a mayar da takardun ga masu su. Na ce masa a mayar wa wa? Na yi tambaya daga baya a wurin mutanen yankin da ke nan. Gawasa ta zama kufai. Ana tuna sunan Sarki da Galadima da Madawaki, har da masu cewa su jikokinsu ne. Ban sami wanda ya taɓa jin sunan Jatau ba.

Hajiya ta dubi fatar gafakar. "Jaririyar nan da ya tsorata dominta," in ji ta, "daga ita muka fito. Da ya ƙi, wataƙila babu ni. Ka gani, ya Ustaz? Ko tsine masa ba ni da bakin yi." Ta share ido da gefen mayafi. "Yalla, karanta su duka. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Juma'a huɗu muka yi. Wasiƙa ɗari da arba'in da uku, ban da waɗanda tawadarsu ta narke. Mai tambayar ko ɗansa ya fara tafiya, mai neman gafarar ubansa, mai cewa a binne shi kusa da rijiya in an sami gawarsa. Na bar ta Jatau, wadda ya rantse bai kira ƙanensa ba, a ƙarshe. Da na karanta, Majid ya ce wa uwarsa ai yanzu saƙo ya isa, tun da wata uwa ta ji.

"A'a, ya waladi, ɗana," in ji ta. "Na ji, amma ba ni aka aiko wa ba."

Ba ta sake sa gafakar a ɗakin haihuwa ba.

Haka al'amarin Kargo ya ƙare. Manya biyu suka yi jayayya a kan gado, suka shirya cikin yini ɗaya, suka mutu da rawunansu, an ce ma kusa da juna aka binne su. Mulki bai tsaya ga jinin talaka ba, sai da ya ari bakinsa ya yi wa uwarsa ƙarya da shi. Malamin kuwa ya keta daji da hamada da teku, amma taku ɗaya tsakanin aljihunsa da hannun tsohuwa ya gagare shi. Gwamma ta tafi da Allah ya isa a kan ɗan da bai yi mata laifi ba, kuma a duniyar nan babu sauran wanda zai gaya mata. Sai dai ranar da za a karanta wa kowa takardarsa, babu magatakarda a tsakani.