Sarkin Ruwan Arkesa da Jiragen Alkama

A shekara ta biyu ta sarautar Sarki Lukon, dab da shigar hunturu, baffansa Timon ya sauko da mayaƙa ta mashigin dutse ya yi wa Arkesa zobe, yana neman gadon sarauta. Arkesa, kamar yawancin biranen Girkawan da, duwatsu ne a bayanta, teku a gabanta. Ƙasarta tsakuwa ce, zaitun da inabi kawai take karɓa. Alkamar da ake ci kuwa, jirage ke kawo ta daga ƙetare.

Da ganuwa ta gagari Timon, sai ya sa gatari a gonakin zaitun. Sarkin Ruwa Damas yana tsaye bisa ganuwa lokacin da itacen da kakansa ya dasa ya faɗi.

Sarki ya tara fadawa. "Sarkin Ruwa, ba ni matuƙanka ɗari uku. Gobe za mu fita yaƙi."

Damas ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, jiragen alkama na can tsibiri suna jiran rakiya, 'yan fashi sun tare hanya. Saura kwana tara taurarin Kaza su faɗi, teku ta rufe sai bazara. Abin da ke rumbu ba zai kai wata biyu ba."

Sarkin Yaƙi ya tuntsire da dariya. "Ku ji mai ƙarnin kifi! Mashi yake tsoro."

"Na gama magana," in ji Sarki.

Damas ya fito, ya kuma san hukuncin mai saɓa umarni. Duk da haka ya wuce gaɓa, ya sa aka kwance jirage, ya tafi da matuƙansa rako alkama. Da babu matuƙa, Sarki bai iya fita ba.

A rana ta takwas Damas ya dawo da alkama, jirgi ɗaya ya nutse masa. Ba a jima ba ƙanƙara ta soma toshe mashigin dutse. Mayaƙan Timon, manoman kwarin da ke bayan dutse ne, suka ji tsoron kada a rufe su nesa da gida, suka watse.

Sarki ya yanke wa Damas kora. An ce matuƙa sun zauna a dandali, suka rantse ba mai taɓa filafili sai an soke hukuncin. Aka soke. Daga ranar ba a ƙara yanke magana a Arkesa ba sai an ji ta bakinsu.

Haka wani tsohon injiniya Bagirke ya labarta wa wani likita mai suna Bashari a birnin Riyad, shekarar 1984. Lukon ya gaji karaga, amma inda ƙasa ba ta ciyar da mutanenta, mulki yakan koma hannun masu shigo da abinci.