Garkuwata a Wayar Wata

"Ki cire wannan kunkurun, ki sa mai duka."

"Ba zan cire ba."

Kyaftin ya ɗago kai daga wayar da yake gyarawa, ya kalli baƙuwar. Malamar lissafi ce, alli bai gama fita daga hannun rigarta ba. Ta ji cewa a bayan shagon gyaran wayar nan ake taruwa duk Asabar da yamma a buga wasan dodanni, kowa ya haɗa dodo shida a wayarsa ya kara da wani. Shi ne ta zo neman shiga ƙungiyarsu.

"Malama, ni ne kyaftin a nan. Wannan abin ko sauro ba zai kashe ba."

"Ba don kisa na ɗauke shi ba. Kai ka tara masu duka shida, duk na wuta. Mai ruwa ɗaya ya shigo, ka tashi aiki. Ƙungiya sai da mai duka, da mai sauri, da mai magani, da wanda zai tsaya ya sha duka har sauran su huce. Zauna in nuna maka."

Ya zauna. Dodanninsa suka yi ta jibgar kunkurun har ƙarfinsu ya ƙare, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kwashe. 'Yan benci suka fashe da dariya, shi ma ya taya su, amma idonsa na kanta.

"Daga yau sunanki Garkuwa," in ji shi.

Kafin wata ya ƙare, sunan ya ƙara tsawo.

"Garkuwata, na canza biyu cikin shidana. Na sa mai ruwa da mai magani. Kin ga yadda nake jin magana?"

"Saura huɗu. Ka ci abinci tukuna, sarkin taurin kai."

"Ni ne ma mai taurin kan?"

Ranar da ya je gaida iyayenta, Baba ya saurare shi har ya gama, ya sallame shi, sannan ya kira ta falo.

"Namiji da gemunsa yana kiwon dodanni a waya? Ki gaya masa kada ya dawo."

"Baba, shekara takwas yana shagon nan, bai taɓa rufe shi don wasa ba. Ka yi haƙuri, shi nake so."

Daga ranar Baba ya daina amsa gaisuwarta. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuma ya ƙara muryar rediyo. Umma ta yi lallashi har ta gaji. Malama ba ta fasa gaisuwar ba, ba ta kuma fasa Kyaftin ba.

Abin da fushin Baba ya kasa yi, Walƙiya ce ta yi shi.

Tela ce, shagonta na kallon nasa. Dodanninta duk masu sauri ne, bakinta ya fi su. Tana shigowa sai ka ji, "Kyaftin ɗina, duba mini wannan," ta ja kujera har gwiwarta ta kusa taɓa tasa. Malama takan yi murmushi, amma a ranta tana ƙirga kowane "ɗina". Ta kai goma sha bakwai.

Saura sati biyu babbar gasa, suna atisaye, Walƙiya ta ajiye wayarta a kan tebur. Idon Malama ya faɗa kan jerin dodanninta. Ga wani ɗan kore mai magani a ƙarshe, an raɗa masa suna: Garkuwata. A ƙasa wasan ya rubuta mai shi na asali. Kyaftin.

"A ina kika samo wannan?"

Walƙiya ta fizge wayar. "Shi ya ba ni jiya. Ya ce kada in gaya miki."

Malama ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta yi kuka a titi ba, ita ba ta kuka a gaban mutane.

Da daddare saƙon Kyaftin ya shigo wayarta: "Garkuwata, me ya faru? Ki ɗaga waya, minti ɗaya kawai."

Ta rubuta masa: "Sunan ma ka ba wata. Ni ba a haɗa ni da kowa, ko a wasa."

Ta toshe lambarsa. Ya zo makaranta, ta ce wa maigadi ba ta nan. Gasa ta zo ta wuce, aka fitar da ƙungiyarsu a zagayen farko saboda babu mai tsayawa ya sha duka. Da ta ji, sai da ta ce, "Ai ga mai sauri nan, ta cece su." Sannan ta rufe ofishin malamai ta kifa kai a kan takardun jarrabawa.

Sati shida aka yi haka. Wata Laraba, an tashi makaranta, ta tarar da Walƙiya a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Ke da kike koya mana haɗa ƙungiya, kin manta mai maganin nan ba ya rikiɗa sai ya kwana bakwai a hannun wani? Wata huɗu Kyaftin yana renonsa don ya riƙa warkar da kunkurunki. Ranar gasa ya so ya ba ki, ya nemi aurenki a gaban kowa. Ni ajiya aka ba ni."

Malama ta san dokar nan sarai, ita ce ma ta koya musu.

"Ba zan ɓoye miki ba, na so shi," in ji Walƙiya. "Amma mutumin da zai zauna kusa da ni ya yi awa biyu yana zancen kunkuru, me zan yi da shi?"

Malama ta sami Kyaftin a shago, ya rame, yana kwance wata tsohuwar rediyo. Ta gane ta nan take. Ta Baba ce.

"Me ya kawo wannan nan?"

"Duk sati ina zuwa gaishe shi lokacin da kike makaranta. Sau biyar ya bar ni a tsaye a ƙofa. A na shida ya miƙo mini ita ta taga."

"Me ya sa ba ka gaya mini gaskiya ba?"

"Ta ina, Garkuwata? Kin rufe ko'ina. Sai na yi abin da kika koya mini, na tsaya ina shan duka."

Ta juyar da kai don kada ya ga idonta. "Duk mutanen shagon nan, sai ita ka ba wa ajiya?"

"Sauran bakinsu ba ya riƙe magana."

"Nata ya riƙe? Kuma ka gaya mata, kada in ƙara jin 'ɗina'."

"Sau nawa ta faɗa?"

"Goma sha bakwai."

Ya yi dariya har sukurun hannunsa ya faɗi ƙasa.

Washegari da safe ta durƙusa kamar kullum. Baba ya rage muryar rediyon.

"Lafiya lau," ya ce. "Wanda ya jure ni, ya jure ki, zai iya riƙe gida. Ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure. Walƙiya ce ta ɗinka rigar amarya, amarya kuwa sai da ta duba kowane ɗinki. Baba ya dafa kanta ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Umma na amin tana share hawaye.

Yanzu kunkuru da mai magani suna jere a ƙungiya ɗaya, kuma ba a cika cin su ba. Amma idan sababbin 'yan wasa suka tambaye ta amfanin tsayawa, ba ta ɓoye musu farashinsa. Tsayawar da ta yi a gaban Baba ta ci mata wata biyar ba ta ji ya amsa gaisuwarta ba, kuma ba ta nadama. Wadda ta yi a gaban Kyaftin ta ci musu kofi, da sati shida na rayuwarsu da ba za su dawo ba, a kan tambaya ɗaya da ta ƙi yi.