Rigar Malama Mai Ruwan Hoda

Tela yana gaban kekensa na ɗinki a kusurwar falo, allura a baki, sai ga matarsa Malama ta dawo daga makaranta tana ɓoye wata leda a bayanta.

"Rufe idonka, Diya," in ji ta, sunan soyayyar da take kiransa da shi ke nan.

"Da allura a bakina? Lallai kin gaji da ni!"

Ta yi dariya ta zazzage ledar a cinyarsa. Riguna biyu ne, fara da ruwan hoda, na tattakin da aka shirya ranar Asabar don tallafa wa mata masu kansar mama, daga ƙofar asibiti zuwa filin wasa. Tsarin tattakin kuwa a fili yake: mai rakiya fara zai saka, ruwan hoda sai wadda ta yi ciwon ta tashi.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da aka yi wa Malama tiyata aka cire mata maman hagu. Tun daga lokacin duk rigar da za ta saka sai Tela ya ɗinka mata ɗan aljihu ta ciki ya cusa soso mai laushi, aikin da ko malaman da suke ofis ɗaya ba su taɓa ganewa ba. Mutanen layi kuwa, mahaifiyarsa Inna ta riga ta gaya musu afendis ne, kuma a haka aka tsaya.

"Wannan ba sai ka yi mata aljihu ba," in ji Malama a hankali. "Na gaji da ɓoyo. Akwai matan da ke zaune da abin nan a ɗaka suna jin tsoro, ina so su gan ni da ƙafata."

Ya zare allurar ya dube ta. "Da aljihu ko babu aljihu, ni dai na yi dacen mata. Amma kilomita biyar fa, Madam! Ke da zuwa shagon bakin layi sai kin ce in ɗauko mashin?"

Suna cikin wannan dariya Inna ta ɗaga labule. Idonta ya sauka a kan rigar, ta karanta rubutun gabanta, nan take fuskarta ta canza.

"Babana, mene ne wannan?"

Ya yi mata bayani cikin ladabi. Bai kai ƙarshe ba ta katse shi.

"Tallan kai za ta yi a titi? Shekara da rabi ina rufa muku asiri, rana ɗaya ku kwance mini zani a gaban jama'a? To ka ji da kyau. In ta saka rigar nan ta fita, ka zaɓa — ko ita ta bar gidan nan, ko ni in tattara kayana in bar muku!"

Ta saki labulen ta tafi. Malama ta sulale a kujera, hawaye shar! Ba faɗan ne ya fi yi mata ciwo ba, mai faɗan ce. Inna ce fa ta riƙe mata roba duk lokacin da maganin asibiti ya sa ta amai, Inna ce ta ɗaura mata ɗankwali ranar da gashinta ya zube, tana cewa ta fi kyau a haka. Kowa a layin yana cewa ba a taɓa ganin suruka da matar ɗa irinsu ba.

"Na fasa," in ji ta. "Ba zan raba ka da mahaifiyarka a kan riga ba."

"Ni kuma ba zan rabu da ke a kan komai ba. Bari in lallaɓa ta."

Sau biyu ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, sau biyu tana juya masa baya. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, ga uwa ga mata, kuma duka biyun yana son su kamar ransa.

Washegari da la'asar Malama ta ninke rigar za ta mayar, sai ta tarar da shi yana farke hannun wata rigar Inna yana ta mita.

"Karo na uku ke nan! Wai hammatar dama tana matse ta. Dama kaɗai fa. Ni na auna ta, ni na yanka, har sabon tef na saya don na ɗauka tsohon ne ya saki. Ina jin idona ne ya fara tsufa."

Malama ta ajiye rigar da za ta mayar. Ta dafa keken.

"Diya, ka tuna abin da na fara ce maka a kan rigunana, kafin mu je asibiti?"

Almakashin ya suɓuce daga hannunsa. Ya tuna sarai. Ita ma da hammata ta fara, ta ce rigunanta suna matse ta, ya yi wata uku yana zargin awonsa, bai taɓa kawo jikin mai rigar a ransa ba, ga shi karo na biyu ke nan yana yin wannan kuskure. Ya miƙe zumbur, ta riƙe shi ta ce wannan maganar mata ce, ya zauna.

Ta yi sallama ta shiga ɗakin Inna, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Inna.

"Inna, ba maganar tattaki ta kawo ni ba, na haƙura da shi. Tun yaushe kika fara jin abin nan a hammatarki?"

Inna ta ƙura wa bango ido.

"Wata huɗu," ta ce da wata irin murya. "Ɗan ƙulli ne kamar tsakuwa. 'Yar nan, na ga abin da kika sha da idona. Ke kina da ƙuruciya kika sha da ƙyar, ina ga ni? Da na ga rigar nan sai na ji kamar ni ake nunawa da yatsa."

Malama ta zare soson daga cikin rigarta ta ajiye a gefe, ta kamo hannun Inna ta ɗora a ƙirjinta.

"Taɓa ki ji, Inna. Babu komai a wurin. Amma ga ni, ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina yi wa ɗanki tsiya. Da na ƙara ɓoyewa da ba ni ce zaune a nan ba. A ƙarshen tattakin akwai rumfar da nas-nas ke duba mata. Amma wallahi ko ƙofa ba zan taka ba sai da yardarki."

Inna ta zare hannunta ta goge ido. "Tashi ki je. Ki ja mini ƙofar."

Ranar Asabar da safe Malama tana shara cikin kayan gida, Tela ya tasa shayi a gaba ya kasa sha, sai suka ji taku ƙaf-ƙaf. Inna ce, da mayafinta da jakarta, ta zura ƙafa cikin kambas ɗin Tela, ya yi mata yawa ta cusa takarda a gaba.

"Me kuke kallo? Ina rigar taki, 'yar nan? Ko sai rana ta buɗe ku kashe ni a hanya?"

Malama ta jefar da tsintsiya ta rungume ta. Tela kuwa, ƙaton namiji, ya juya wai wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Titi ya cika maƙil, fararen riguna sun yi yawa, masu ruwan hoda jefi-jefi. Inna tana tafe tana mita, ta yi wa rana faɗa, ta yi wa kambas faɗa, ta yi wa Tela faɗa don ya ce ta hau motar masu raba ruwa. Sun wuce rabi sai ga maƙwabciyarsu mai shagon gyaran gashi a bakin titi, ta saki baki tana duban rigar Malama da gefen ƙirjinta da ya kwanta.

"Inna, ba afendis kika ce mana ba?"

Malama ta sunkuyar da kai. Inna ta tsaya cak, ta riƙo hannunta ta ɗaga.

"Ƙarya na yi muku, tsoro ne ya sa ni. Kansa ta yi, Allah ya tashe ta, kuma 'yata ce ina alfahari da ita. Ke ma ki rufe shagon nan ki biyo mu a duba ki!"

A bakin rumfar nas-nas ƙarfin halin ya ƙare. Inna ta ja ta tsaya, ta damƙe hannun Malama. "Ki shiga da ni, 'yar nan. Kada ki sake ni."

Ba ta sake ta ba, a ranar da ma duk watannin da suka biyo baya. Ciwon ne, amma likita ya ce an zo da sauran lokaci, kuma Inna ta sha wuya ta tashi.

Da Malama ta biye wa zuciya ta dage tun ranar farko sai ta fita da rigarta, da ta rasa gida, da Inna ta ci gaba da ɓoyonta har abin ya fi ƙarfin magani. Haƙurinta ne ya sa ta tsaya har ta gane cewa faɗan surukarta tsoro ne kawai. Don haka idan wanda ya saba sonka ya juya maka baya rana ɗaya, kada ka yi saurin ramawa, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi abin da ke damunsa. Ciwo kuma ba abin kunya ba ne, wadda ta ji baƙon abu a jikinta ta faɗa tun da wuri.