Maɗacin da Ya Rage a Faifai

Wanda ya sa gatari a maɗacin nan na bakin Rigasa don ya yanka filoti huɗu ya san kansa. Ba zan kira sunansa ba, bai kai ba. Amma shi ya jawo wa Hamisu Audi abin da ya same shi a shekarar casa'in da shida, kuma har yau bai je ya yi masa jaje ba.

Hamisu ma'aikacin wani ɗakin bincike ne, yana zaune a Malali da 'yarsa Sa'adiya, su biyu rak tun rasuwar uwarta. Aikinsa kuwa, in ba ka sani ba bari in gaya maka: kowane abu mai rai yana ɗauke da rubutun halittarsa a cikin ƙwayoyin jikinsa, da haruffa huɗu kacal, A, C, G, T. Hamisu ya tsinko ganyen maɗacin kafin a sare shi, aka sarrafa, aka fito da hoto mai baƙaƙen layuka. Ya karanta haruffan layi-layi, ya buga a kwamfuta, ya adana a faifai, ya aika da kwafi ta gidan waya zuwa rumbun da masana ke tara irin wannan rubutu a ƙasar waje. Gurbin da aka ce a faɗi inda aka samo abin, ya rubuta "Nijeriya" ya wuce. Sauri yake yi.

Wata Laraba, gab da magariba, Sa'adiya tana tankaɗe a tsakar gida, dutse ya faɗo kan rufin kwano. Sai na biyu. Hamisu ya leƙa waje, layin babu kowa, ko akuya. Da ya dawo ya tarar ta ajiye rariya, ta ƙura wa bango ido, tana jero haruffa da muryar tsoho. G, G, A, T, C. Ya ɗauko littafin aikinsa, inda ya rubuta haruffan maɗacin, ya bi da yatsa. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Kwana tara ana haka. Maƙwabta suka daina shigowa. Yarinya ta daina ci, wuyanta ya zama kamar kara. Kullum ya dama koko, kullum ya zubar.

A rana ta goma ya ɗauko Malam Rabe, mai ruƙiyya. Malam ya yi karatu har rigarsa ta jiƙe, sannan ya ce, "Kai wane ne? Me kake nema a jikin marainiya?"

"Gidana," in ji muryar. "An sare shi. Abin da ya rage yana hannun ubanta."

Hamisu ya kwaso faifai da littafi da hoton, ya zube a gabanta. "Ɗauki duka. Ka bar mini ita."

"Shi ke nan duka?"

Mai irin aikin Hamisu ba ya ajiye kwafi ɗaya, haka aka koya masa. Ya ce, "Na aika waje. Can ma sun kwafa wa wasu ƙasashen. Ba ya dawowa."

"Akwai inuwa a can?"

"Babu."

Can muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "To ka gyara abin da ka rubuta. Ka ce bakin rafi, yamma da tsohuwar rijiya, a Rigasa. 'Yan'uwana sun watse ranar gatari. In wani ya zo nema, ya san inda zai tsaya."

Malam Rabe ya ce, "Su aljanun, kwamfuta suke karantawa?"

Muryar ta ce, "Kai ka iya ne, Malam? Ya dai rubuta."

Nan a kan tabarma Hamisu ya rubuta wasiƙar gyara, ya karanta a bayyane, ya yi rantsuwa da safe tana gidan waya. Sa'adiya ta yi atishawa sau uku, ta dubi ubanta ta ce, "Baba, yunwa nake ji." Ya tashi ya hura wuta, ya dama mata koko.

Dutse bai ƙara faɗowa a Malali ba. Amma a Rigasa, inda maɗacin yake, katangar bulo ce yanzu, kuma 'yan unguwa ba sa jingina da ita in rana ta faɗi. Sun ce akwai mai zama a gindinta shi kaɗai, yana jira, har yau ba wanda ya zo masa. Je ka tsaya can da magariba, kai ma kai kaɗai, sannan ka dawo ka dubi idona ka ce ƙarya nake yi.