Mai Babur a Hanyar Pitowa

Tun da kogin Binuwai ya ci ɗanta Iliya kafin a yi masa baftisma, Rahila ba ta daina tambayar Fada ba: yana sama ne ko yana wuta? Fada sai dai ya sunkuyar da kai.

Wata Laraba ta taso daga addu'ar dare a Pitowa, ta hau bayan wani mai babur. Suna ta gudu, amma ba ƙarar inji. Ta dafa kafaɗarsa, ta ji rigar sharkaf, sanyi har ƙashi.

"Yaro, ina ka jiƙe haka, alhali rani ake?"

Bai waiwayo ba. Da muryar Iliya ya amsa:

"Mama, ki bar Fada ya huta. Ni ma har yanzu ba a gaya mini ba."